Gora a Jikin Rumbun Baba Ummaru

Jiya da hantsi ina zaune a bakin shagon nan namu na Gidan Igwai na ji ɗayanku yana cewa aikin sa waifai a gida ba aiki ba ne. Wai a jona akwati a wuta, a jira fitila ta yi kore, a karɓi na goro a tafi. Yau tunda babu wuta, kuma babu wanda ya kira, ku jawo benci kusa.

Ni da rediyo na fara. Mahaifina ya kai ni wurin Malam Sahabi mai gyaran rediyo a Ƙofar Kware, wani ɗan shago mai duhu da ke warin dalma da tsohon batir. Na zaci ranar zai ba ni sukudireba. Sai ya miƙo mini wata ƙaramar rediyo mai jakar fata, ya kama wata tasha mai nisa, ya ce in shiga gidansa da ita in yi ta yawo.

“Malam, mi zan nema?” na tambaye shi.

“Inda maganar taf fi hita,” in ji shi. “In ka same shi ka tsaya nan, ka kira ni.”

Haka na yi ta zagaye, daga zaure zuwa tsakar gida, daga bakin rijiya zuwa bayan murhu. A wani lungu muryar takan nutse kamar mai magana a cikin tulu. In na matsa taku kaɗan sai ta taso tas, wani mutum yana zuba wani harshe da ban taɓa ji ba, daga wani gari da ban san ko rana ce ko dare a can ba. A ƙarshe na same ta a kan matakalar soro, na tsaya da rediyon a saman kaina. Da Malam ya zo ya ce mini muryoyin nan suna cikin iska ko an kunna rediyo ko ba a kunna ba, suna ratsa ɗakuna, suna bi ta kan masu barci da masu salla, ba ruwansu da kowa. Namu kawai mu san inda suke bi. Na daɗe ina kwanciya da rana a kan tabarmar shagon ina kallon rufi, ina tunanin irin maganganun da ke wucewa ta kaina ban ji ba.

Daga rediyo muka koma eriyar talabijin, daga nan farantin satalayit. Shekarun nan a kan rufin mutane na yi su. Ku da kuke yawo a keke napep ba ku san Sakkwato ba. A sama take. In ka hau soro da sassafe za ka ga hayaƙin masu waina yana miƙewa tsaye, tantabaru suna kewaya hasumiyar masallaci, can nesa kuma gulbi yana ƙyalli kamar an yar da madubi a cikin ciyawa. Da rana ta take, kwanon rufi yakan yi zafin da garin gaba ɗaya yake rawa a idonka. Sau da yawa nakan manta abin da ya kai ni, sai mai gida ya ɗago kai daga ƙasa ya ce, “Malam Ladan, lahiya dai?”

Da intanet ta shigo, wani ƙaramin kamfani ya ɗauke ni. Suna da dogon ƙarfe a tsakiyar gari, mu kuma muna bi shagunan kafe da gidajen masu hali muna kafa ƙananan eriya, muna saita fuskarsu ga ƙarfen. A nan na koyi wannan jakar da kuke wasa da ita. Abin matse kan kebul, wanda in ka jera ƙananan wayoyin nan masu launi ba daidai ba, sai ka yanke ka sake. Na'urar gwaji mai ƙyafta ido. Igiya, wadda ba na hawa ko'ina sai da ita a ƙugu. Takalmi mai kaurin roba saboda kwano, da malafa, da butar ruwa. Tsanin nan na ƙarfe kuwa, kada wanda ya jingina shi bai ɗaga kai ya duba wayar lantarki ba. Na san wanda ya yi haka, ba ya cikinmu yau.

Gidan Alhaji Maccido mai hatsi ne ya fara koya mini cewa kawo intanet gida daban, raba ta cikin gida daban. Tsohon gida ne a Ƙofar Kware, katangunsa na laka, kaurinsu ya kai mutum ya kwanta a kai. Ya aiko a kira ni yana faɗa, wai an sayar masa da abin banza. Da na shiga sai na tarar da 'ya'yansa mata, masu sayar da atamfa da turaren wuta ta waya, sun jeru a jikin bangon falonsa ta waje, kowace ta manna wayarta da bango kamar masu jin ɗumi. Na ce a nuna mini rauta, wato akwatin da ke watsa waifai ɗin. Alhaji ya ciro makulli daga aljihu, ya buɗe wani kabad na ƙarfe, ya ɗaga wani ƙyalle mai ado. Ga ta nan a kwance, ta yi zafi kamar dutsen guga.

“Alhaji, mi yas sa anka kulle ta?”

“Yara,” ya ce. “Kuma abu mai tsada ba a barin shi ga ƙura.”

Na ce masa, ranka shi daɗe, abin nan kamar fitila yake. In ka sa fitila a akwati ka rufe, kai ma ba za ka ga hanya ba. Ƙarfe yana mayar da shi baya, madubi ma haka, laka tana shanye shi, musamman da damina in ta jiƙe. Randar ruwa da tankin ruwa su ma suna cinye shi. Muka fito da ita, na kafa ta a sama ƙarƙashin baranda, cikin inuwa, tana kallon tsakar gida inda ƙofofin ɗakuna duka suke buɗewa. Sashen mahaifiyarsa yana can baya, bayan katanga biyu. Ya ce in sa ƙaramar na'urar nan mai karɓa ta ƙara turawa. Na ce za ta yi, amma abin da za ta tura ragowa ne, gara a ja kebul ta kan katanga a sa wata rautar a can. Ya yi ta gunaguni a kan kebul ɗin zai ɓata masa ado, amma ya bari aka ja. Da la'asar na ga tsohuwar zaune a kan darduma tana sauraron karatu ta wayar jikarta, 'yan matan kuwa kowace ta koma ɗakinta, bangon falo ya huta.

Wata tela a nan bayanmu, Hajiya Asabe, ita ce ta zo da hoton wani allon talla a wayarta ta ce wannan kamfanin take so, don an rubuta ya fi kowa gudu. Na ce mata mai allon bai taɓa shiga ɗakinta ba. Na zo da layukan kamfanoni duka, muka gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan teburin ɗinkinta, a daidai inda take zama. Muka gwada da hantsi, sannan na dawo bayan magariba, lokacin da unguwa duka ta ci abinci ta ɗauki waya. Wanda ya yi gudu da safe ya zama kunkuru da yamma. Na tura ta ta tambayi maƙwabta na dama da na hagu wanne suke amfani da shi, da yadda yake yi musu ranar ruwa da ranar da aka daɗe babu wuta. Na ce in sun ce mata datarsu ba ta da iyaka, ta tambaye su a ina gudun yake raguwa, don akwai wurin. Sannan na sa ta kira lambar ƙorafinsu tun ba ta saya ba, ta ji ko mutum zai ɗauka. Abin da ya yi wa Gidan Igwai daidai ba lalle ya yi wa unguwa ta gaba ba. Wani lokaci dogon yaro guda ɗaya in ya cika ganye ya isa ya canza maganar.

Sai shekarar da ba ta yi kyau ba ta zo. Dama kafe-kafe sun fara rufewa ɗaya bayan ɗaya, kowa ya samu intanet a tafin hannunsa. Da farkon damina aka yi wata iska da ta kwashe rufin gidaje, ta kwantar da dogon ƙarfen kamfaninmu a kan wani kango. Masu kamfanin suka ce za su tayar, ba su tayar ba. Eriyoyin da na kafa suka zauna a kan rufin mutane suna kallon wurin da babu komai. Na buɗe shago, sai in wuni ina kallon titi. Wata rana na rufe, na rataya jakar nan a kafaɗa don ban saba tafiya ba ita ba, na tafi Dundaye wurin ƙanin matata, muka shiga noman shinkafa a fadama.

A can na san Bello. Gonarsa tana jikin tamu, magidanci ne mai 'ya'ya, ba ya yawan magana. Wata safiya muna cire ciyawa ya ce ya ji an ce ni mai sa sabis ne. Na ce da can. Ya ce ko zan zo in duba musu wani abu. Ƙanwarsa Balkisu tana aikin jinya a ƙasar Turawa tare da mijinta, ta haihu, gobe suna, kuma sunan mahaifinsu za a sa wa yaron. Mahaifin nasu, Baba Ummaru, ɓarin jikinsa ya shanye tun bazara, yana kwance, kwanan nan ko kunu da ƙyar yake haɗiya. Balkisu ba ta da halin tasowa da ɗanyen jego. So take tsohon ya ga yaron.

Da yamma na bi shi. Gidan yana ƙarshen gari, a cikin kwari, daga shi sai fadama. Na fito da waya na zagaya kamar yadda Malam Sahabi ya koya mini. Zaure babu, tsakar gida babu, ƙofar gida babu. Na ce to da yaya suke magana da ita? Bello ya nuna mini wani babban rumbu na laka a bayan gida, da tsani a jingine. Ya ce yakan hau can har wuyan rumbun, ya ɗaga waya, in Allah ya sa ta shiga sai ya riƙa ɗaga murya yana faɗa wa mahaifiyarsu abin da Balkisu ta ce, ita kuma ta shiga ɗaki ta faɗa wa tsohon, ta fito da amsa. Haka suke yi tun da ya kwanta.

Na hau rumbun da layukana. Wanda Bello yake amfani da shi da ƙyar yake kamawa. Wani kuma da mutanen cikin gari suka raina, shi ne ya fi ƙarfi, don ƙarfensa yana can tsallaken fadama, babu gini ko ɗaya tsakaninsa da rumbun, sai shinkafa da ruwa. In na ɗaga hannu sama sosai sai ya ƙara. Na ce wa Bello ya samo mini gora mafi tsawo a garin.

Washegari tun da safe na fara. Ina da wata tsohuwar na'ura a jaka mai cin layin waya, da ragowar kebul na zamanin kamfani. Na sa na'urar a cikin robar fenti na rufe saboda ruwa, na ɗaure a kan gorar, muka tayar da ita a jikin rumbun, muka ja igiyoyi muka kafa turaku a ƙasa. Batir muka ara na sola, mai cika da hasken rana, a wurin wani mai cajin waya. Saura shigar da kebul ɗakin tsohon. Na ɗauko abin huda bango, sai mahaifiyar Bello, Inna Kulu, ta tare ni a bakin ƙofa.

“Ɗana, ba a huda wanga ɗaki cikin damina. Uban maigidana yag gina shi. In ruwa ya samu hanya, kanmu za shi zubowa.”

“To Inna, ta ina zan bi?”

Ta nuna mini wata 'yar taga can sama kusa da rufi, wadda hannu kawai zai shiga. Ta nan na zura kebul ɗin, na rataya ƙaramar rauta a jikin ƙusar da ake rataya buzun salla. Ɗakin yana da sanyi da duhu, yana ƙanshin man zafi. Baba Ummaru yana kwance a kan gadon kara, dogon mutum wanda ciwo ya mayar kamar sanda. Idonsa yana bin hannuna duk inda na kai. Ya yi wata magana da ban gane ba, bakin ya karkace. Inna Kulu ta ce, “Cewa yay yi, ta wagga igiya yaron za shi biyowa?” Na ce, “Awo Baba, ta nan.” Sai ɓarin fuskarsa mai motsi ya yi murmushi.

An shirya za ta kira bayan la'asar, in baƙinsu na can sun ragu. Kafin lokacin gabas ta fara haɗa hadari. Iska ta taso mai sanyi, mai ƙanshin ƙasa. Muka taru a ɗakin, Bello ya riƙe wayar a gaban tsohon, Inna Kulu ta tallafo kansa. Wayar ta yi ƙara, fuskar wata mata ta fito, ta ce, “Baba!” Sai hoton ya tsaya cak, bakinta a buɗe, muryar ta kakkarye ta ɗauke.

Na fita da gudu. Ƙasa ta jiƙe da ruwan kwanakin baya, iska ta tumɓuke turke ɗaya, gorar tana layi kamar mai maye, robar tana juyawa gabas da yamma. Babu lokacin sake kafa turke, kuma ƙasar ba za ta riƙe ba. Na hau tsanin, na taka kafaɗar rumbun, na ɗaure igiyar ƙuguna a wuyansa, na rungume gorar da hannu biyu, na juya ta har robar ta fuskanci tsallaken fadama. Na ƙwala wa Bello kira na ce su sake gwadawa. Ku ji ni da kyau, kada wanda ya yi irin wannan in ana walƙiya. Ranar ban ga walƙiya ba tukuna, kuma na sa ido a gabas, na ce da na ga ta farko zan sauka ko da me ake ciki.

Daga can sama fadama duka tana gabana. Iska tana bi ta kan shinkafa tana kwantar da ita layi-layi, kore yana komawa fari yana dawowa kore. Balbelu sun taso gaba ɗaya suna neman wurin sauka, farare tas a jikin baƙin hadari. Can ƙarshen gani ga ƙarfen sabis ɗin, siriri kamar allura. Na yi ta kallon sararin da ke tsakanina da shi. Babu komai a ciki sai iska da tsuntsaye, amma ta nan fuskar yaron take tahowa, ta tsallako teku da hamada, ta bi ta kan shinkafar Bello, ta shiga robar fenti, ta gangara ta jikin gorar da ke rawa a ƙirjina.

Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Hannuwana sun mutu. 'Yar tagar nan tana ƙasa da ni kaɗan, in iska ta lafa nakan ji abin da ke fitowa. Na ji muryar Balkisu tana kuka tana dariya. Na ji Inna Kulu tana cewa, “Matso da shi, matso da shi shi gani.” Daga nan na ji muryar tsohon, a hankali, kalma tana jan kalma. Bello ya gaya mini daga baya cewa addu'a yake yi, ya sa an kawo wayar daidai bakinsa, ita kuma Balkisu ta kanga tata a kunnen jaririn. Ya ce tun da ciwon ya same shi ba su ji ya haɗa magana mai tsawon wannan ba.

Ɗigon farko ya sauka a wuyana. Kafin in ɗaga kai, sai kukan jariri ya fito ta tagar, siriri, mai ƙarfi, daga cikin ɗakin laka da aka yi shekaru ba a haihu a cikinsa ba. Wata maƙwabciya da ke kwashe shanya a bayan katanga ta tsaya da zane a hannu tana waige-waige, ta ce, “Wa yah haihu gidan Ummaru?”

Walƙiya ta keta gabas, na saki gorar na sauko. Da na shiga ɗakin hoton ya riga ya ɗauke, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Tsohon ya rufe ido, hannunsa mai lafiya yana kan wayar. Inna Kulu ta dube ni a jiƙe ta ce, “Kai ba ka gan shi ba ko?” Na ce ban gani ba, Inna. Ta ce, “Kunnuwan kakanai gare shi.”

Da ƙasa ta sha iska na koma na kafa gorar da turakun ƙarfe, na zuba siminti a gindinta. Sun yi ta magana da Balkisu kusan kullum. Baba Ummaru ya rasu kafin a yanke shinkafa. Mutanen da suka zo gaisuwa suka ga roba a kan gora suka yi ta tambaya, daga nan aka fara kirana gida-gida a Dundaye, har na dawo na buɗe shagon nan.

Bara Bello ya tsaya a nan da wani yaro a bayan babur, wai yaron da uwarsa sun zo hutu daga ƙasar Turawa. Ya ce masa ya sauka ya gaida ni. Yaron ya durƙusa, Hausarsa tana ɗan karkacewa, ya ce sunansa Ummaru. Na kama kansa na juya shi gefe, na duba kunnuwan da kyau.